Reful Domin Aikin Taimako: Me Doka Ta Ce?

Darasi domin dattawan ekklisiya, da ma'aji, da shugabannin Zumuntar Mata da na matasa

Kowace ekklisiya tana da bukatar da ta fi ƙarfin baikon ranar Lahadi. Iska takan yaye rufin majami'a da farkon damina, bangon aji yakan tsage, gwauruwa ta kwanta ciwo babu kuɗin asibiti. Sa'anda dattawa suka zauna neman hanya, sau da dama akan sami wani ya ce, bari mu yi reful. A buga tikiti, kowa ya saya da kuɗi kaɗan, a sa keken ɗinki ko buhun shinkafa ko rago, ran taro a jawo lamba, wanda ya ci ya ɗauka, sauran kuɗin kuwa a yi aiki da shi. A gari kamar Illela, inda kasuwa ta ke tara mutanen ƙasashe biyu, shawarar tana da daɗin ji, gama masu sayen tikiti ba za su yi wuyar samu ba.

Abu ɗaya ne wannan darasi ya ke so ya koya mana. Kyakkyawar niyya ba ta isa ta halatta reful a gaban doka ba. A wurin alƙali reful ɗan gidan caca ne, sai fa inda hukumar da ke da iko ta ba da izini. Saboda haka tun kafin a buga tikiti ko ɗaya, wajibi ne mu san wace hukuma ce wannan, mu kuma san abin da za ta nema a hannunmu. Idan muka yi sakaci, sunan ekklisiya ne zai ɓaci, ɗan'uwan da ya riƙe kuɗin kuma shi ne zai tsaya gaban shari'a.

1. Mene ne reful a idon doka?

Tukunya ba ta zama bisa murhu sai da duwatsu uku. Haka nan masana shari'a a ƙasashe da yawa su ke gane caca irin ta tikiti da abu uku. Na fari, biya: mutum ya ba da kuɗi ko wani abu mai daraja kafin ya shiga. Na biyu, kyauta: akwai abin da za a ci. Na uku, sa'a: ƙuri'a ce za ta nuna wanda ya ci, ba gwaninta ko ƙoƙarinsa ba. Duk inda ukun nan suka haɗu, tukunya ta zauna.

Suna ba ya sake kome. Mu nan mukan ce reful, 'yan'uwanmu na hayin iyaka sukan ce tambola, waɗansu kuma sukan rubuta “gudummawar gini” a kan tikitin domin su sanyaya maganar. Alƙali ba zai tsaya ga abin da aka rubuta ba. Zai yi tambaya, ko mutum yana iya shiga ba tare da ya biya ba? Idan an ce a'a, to, kuɗin nan biya ne, ko da an kira shi gudummawa. Haka kuma idan aka sa wata tambaya mai sauƙi wadda ko yaro ya san amsarta, bayan haka aka jawo lamba cikin waɗanda suka amsa, har yanzu sa'a ce ta yanke hukunci.

2. Abubuwan da ke kama da reful amma ba shi ba ne

Wani zai ce, ai mun saba da ƙuri'a tun kakanni. Gaskiya ne, amma bari mu duba su ɗaya ɗaya.

Ga watanda. Mutum ashirin su haɗa kuɗi su sayi sa lokacin Kirsimati ko Salla, a yanka, a kasa naman kashi ashirin daidai, a jefa ƙuri'a domin a san kashin kowa. An biya, an yi ƙuri'a, amma ba wanda ya koma gida hannu wofi. Ƙuri'ar ta hana gardama ce kawai.

Ga adashe. Wani lokaci da ƙuri'a a ke sanin wanda zai fara kwasa. Duk da haka kowa zai kwashi daidai abin da ya zuba sa'anda layi ya zo kansa.

Ga gwanjon da mu ke yi bayan sujadar godiyar kaka. Ana ɗaga damin gero ko zakara, ana tayawa, wanda ya fi taya ya ɗauka. Wanda bai samu ba, kuɗinsa yana aljihunsa. Wannan ciniki ne, babu sa'a a ciki.

Ga gasar haddace ayoyi ko ta waƙa tsakanin ƙungiyoyi. Akwai kyauta, amma alƙalai ne ke auna ƙoƙari.

Akwai kuma masu kafa hujja da Littafi Mai Tsarki, su ce an raba ƙasar Kan'ana da ƙuri'a a zamanin Joshuwa, manzanni kuma da ƙuri'a suka zaɓi Matiyas. Haka ne. Amma a cikin waɗannan ba wanda ya sayi tikiti, ba wanda ya yi hasarar kuɗinsa domin wani ya ci. Dutsen farko na murhu, watau biya, babu shi. Abin da ya bambanta reful da dukan waɗannan shi ne, a reful mutane da yawa ne ke rasa domin 'yan kaɗan su samu.

3. Yadda dokar ƙasarmu ta biyo

A shekarar 1959, zamanin da Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ya ke Firimiyan Jihar Arewa, majalisa ta zartar da kundin hukunta laifuffuka wanda mutane ke kira Final Kod. Ya fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960. A cikinsa an keɓe babi guda domin caca da tambola. Ya mai da riƙon gidan caca ko wurin jan tambola laifi, haka nan sayar da tikitinta, ya kuma sa hukuncin ɗauri ko tara. Da aka raba Arewa jihohi a 1967, aka kuma kafa Jihar Sakkwato a 1976, jihohin suka gaji wannan kundi, kowace kuwa tana da ikon gyara nata. Kaduna ta fitar da sabo a 2017, Sakkwato ta fitar da nata a 2019. Saboda haka wanda zai ba ekklisiya shawara, sabon kundin jiharmu ne zai buɗe.

A shekarar 2005 Majalisar Tarayya ta yi dokar tambola ta ƙasa. Ta kafa hukuma a Abuja domin ba da lasisi da sa ido, da wani asusu wanda a ke zuba wani kashi na kuɗin a ciki domin ayyukan jama'a. Shekaru da yawa kamfanoni da ƙungiyoyi suna zuwa can neman izini. Amma Jihar Legas ba ta yarda ba. A 2008 ta kai ƙara Kotun Ƙoli, tana cewa wannan al'amari na jihohi ne.

Shari'ar ta ɗauki shekara 16. Ran 22 ga Nuwamba, 2024, alƙalai bakwai na Kotun Ƙoli suka yanke hukunci da murya ɗaya. Ga hujjarsu a taƙaice. Kundin Tsarin Mulki na 1999 yana da jeri biyu. Na farko ya lissafta al'amuran da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, kamar soja da kuɗin ƙasa da kwastan. Na biyu ya lissafta waɗanda tarayya da jihohi ke tarayya a kansu. Abin da ba ya cikin ko ɗaya, ya rage wa majalisun jihohi. Tambola da wasannin sa'a ba sa cikin jerin nan biyu. Saboda haka kotu ta ce dokar 2005 ba ta da ƙarfi a jihohi, sai a Babban Birnin Tarayya, Abuja, kaɗai.

Mai karatu, ka lura da abin da wannan hukunci ya haifar. Takardar izini daga Abuja ba garkuwa ba ce a Illela. Kowace jiha da nata tsari. Legas tana da hukumar tambola da wasannin sa'a ta kanta bisa dokar da ta yi a 2021, tana ba da lasisi tana karɓar haraji. A Kano kuwa, cikin 2024, 'yan Hisba sun rufe shagunan cacar ƙwallo. Idan wani ɗan'uwa ya dawo daga Kudu ya ce, ai a majami'armu ta can kowace shekara muna yi, ba ƙarya ya yi ba, amma dokar da ya baro ba ta biyo shi cikin mota ba. Mu dokar Jihar Sakkwato ce ke kanmu.

4. Maƙwabtanmu da shari'ar Musulunci

Zamfara ce ta fara shelar faɗaɗa shari'ar Musulunci a 1999, Sakkwato ta bi a 2000, har jihohin suka kai 12. Hukuncin laifuffuka na wannan shari'a a kan Musulmi ya ke. Kirista kuwa gaban majistare a ke kai shi bisa ga Final Kod. Caca haramun ce a Musulunci, an ambaci haninta a Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida, laifi ce kuma a dokokin shari'a na jihohin.

Wannan ya shafe mu ƙwarai. Yawancin mutanen Illela Musulmi ne. Su ne abokan cinikinmu a kasuwar dabbobi, su ne masu gidajen da waɗansunmu ke haya, tare yaranmu ke zuwa makaranta. Idan matashi ya ɗauki littafin tikiti ya shiga kasuwa ko tasha, wa zai sayar wa? Zai miƙa wa maƙwabcinsa abin da addininsa ya hana shi, abin da kuma zai iya jawo masa tuhuma. Wani zai saya domin kunya ko domin zumunci, ya koma gida zuciyarsa ba daɗi. Washegari labari zai bazu cewa majami'a ta buɗe caca, ba kuwa wanda zai tsaya ya ji bayanin rufin da iska ta yaye. Zaman lafiyar da iyayenmu suka gina a hankali ya fi kowane kwanon rufi tsada.

5. Sha'anin iyaka

Daga Illela zuwa Birnin Ƙwanni tafiyar 'yan mintoci ce. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, aure yana ƙetarewa, 'yan'uwa masu bi kuma suna ziyartar juna. Amma da ka wuce shingen kwastan ka shiga ƙarƙashin wata doka dabam. A Jamhuriyar Nijar gwamnati tana da hukumar tambola ta kanta, mai suna LONANI, ita ce aka danƙa wa wannan harka. Izinin da aka bayar a Sakkwato ba ya aiki a Ƙwanni ko Tawa, kamar yadda izinin Yamai ba ya aiki a nan. Wanda ya ƙetare da tikiti cikin jakarsa yana sayarwa, ya sa kansa tsakanin dokoki biyu.

Ban da doka akwai wahalar aiki. Canjin naira da sefa ba ya tsayawa wuri ɗaya, har mutum biyu su sayi tikiti iri ɗaya da kuɗi dabam. Idan mutumin Ƙwanni ya ci babur, ƙetarar da shi sha'anin kwastan ne. Iyaka kuma takan rufe ba shiri. An rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Da wata ƙungiya ta sayar da tikiti a hayi gab da irin wannan rufewa, ta yaya masu tikitin za su halarci jan lamba, ta yaya mai rabo zai karɓi abinsa?

Wayar hannu ma iyaka ce ta ke ƙetarewa. Hoton tikiti da aka tura ta WhatsApp tare da lambar asusun banki, kafin gari ya waye ya isa Kano da Gusau da Maradi. Kowane wuri kuwa da dokarsa.

6. Rajistar ƙungiya ba izinin reful ba ce

Ekklisiyoyi da ƙungiyoyin taimako a Nijeriya suna yin rajista a hukumar CAC a matsayin amintattu. Dokar kamfanoni da ƙungiyoyi ta yanzu, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ran 7 ga Agusta, 2020, ta yi magana a kansu a Kashi na F. Ta ce dukiyar ƙungiya da kuɗin shigarta za a yi amfani da su domin manufar da aka rubuta kaɗai, ba za a raba wa 'yan ƙungiya a matsayin riba ba. Ta ce amintattu su riƙe littafin lissafi, su riƙa kai rahoto ga hukuma. Sashe na 839 ya yi tanadin dakatar da amintattu idan an sami rashin gaskiya ko ɓarna cikin gudanarwa, sashen da Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, watau CAN, ta yi ƙorafi a kansa ƙwarai a 2020.

Abu biyu za mu koya a nan. Na ɗaya, takardar CAC tana shaida cewa ƙungiya tana nan a gaban doka, tana iya mallakar fili da buɗe asusu. Ba ta ce kome a kan tikiti ba. Wannan ƙofa ce dabam, mabuɗinta kuma dabam. Na biyu, ƙaramar ekklisiya ta gari yawanci a ƙarƙashin rajistar ɗarikarta ta ke. Abin da aka yi da sunanta a Illela yana iya taɓa amintattun da ke hedkwata, waɗanda ba su ma ji labari ba. Ladabi da doka duka sun bukaci a sanar da shugabannin gunduma tun da wuri. Ƙungiyar da ba ta da rajista kuwa, kamar ƙaramin kwamitin unguwa, nauyin yana komawa kan mutanen da suka shirya, kowa da sunansa.

Akwai kuma laifuffukan da ke bin kuɗin jama'a ko da an sami izini. Wanda aka danƙa wa kuɗin tikiti ya ci, laifinsa cin amana ne, kundin 1959 kuwa ya sa masa ɗaurin da zai iya kai shekara 7. Wanda ya yi alkawarin kyautar da ya san babu ita, ko ya shirya lambar ɗan'uwansa ta fito, laifinsa zamba ne.

7. Yadda waɗansu ƙasashe suka tsara abin

Yana da amfani mu duba ƙasashen da suka daɗe suna fama da wannan al'amari, gama dokokinsu suna nuna inda ɓarna ta saba shiga.

A Ingila gwamnati da kanta ta yi tambola tun 1569, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko. Da kuɗin tambola aka kafa babban gidan kayan tarihi na London a 1753. Amma maguɗi da talaucin da abin ya jawo suka sa aka daina, aka yi ta ƙarshe a 1826. Sai a 1934 doka ta sake barin ƙananan reful na wurin biki. Dokar caca ta 2005 ta raba su iri iri. Wanda a ke yi a wurin taro, a sayar da tikiti a nan wurin kaɗai, ba ya bukatar lasisi, amma ba za a cire fiye da fam 500 domin kyaututtuka ba, ko fiye da fam 100 domin ɗawainiya. Idan ƙungiyar taimako tana so ta sayar wa jama'ar gari, sai ta yi rajista a ƙaramar hukuma. Kuɗin tikiti kada ya wuce fam 20,000 a karo ɗaya, ko fam 250,000 a shekara. Aƙalla kashi 20 cikin 100 ya tafi ga aikin taimakon. Kowane tikiti kuɗinsa ɗaya da na sauran, a jikinsa kuma a rubuta sunan ƙungiya, da kuɗinsa, da sunan mai shiryawa, da ranar jan lamba. Ba a sayar wa wanda bai kai shekara 16 ba. Cikin wata uku bayan jan lamba a kai wa hukuma lissafi.

A Faransa dokar 21 ga Mayu, 1836 ta hana tambola duka, amma ta bar ƙofa ɗaya: tambolar kayayyaki domin aikin jinƙai ko taimakon fasaha, in hukuma ta ba da izini.

A Amurka kowace jiha da tata doka, kamar yadda Kotun Ƙoli ta ce a nan. Jihohin Yuta da Hawayi ba su yarda da caca kowace iri ba. Jihar Kalifoniya ta yarda wa ƙungiyoyin taimako, amma sai ƙungiya ta yi shekara guda tana aiki a jihar, ta yi rajista a ofishin babban lauyan gwamnati, kashi 90 cikin 100 na kuɗin tikiti kuma ya tafi ga aikin taimako. Ta hana sayar da tikitin ta intanet.

Waɗannan ba dokokinmu ba ne, ba kuwa za su kare kowa a kotun Sakkwato ba. Amma ka ga duka sun faro daga wuri ɗaya: an hana, sa'an nan aka buɗe 'yar ƙaramar ƙofa, aka sa mai gadi a bakinta. Abin da mai gadin ke tsoro kuwa uku ne. Kada masu shiryawa su cinye kuɗin da sunan ɗawainiya, kada a yi maguɗi wajen jan lamba, kada kuma a koya wa yara da matalauta sa rai ga sa'a.

8. Bari mu yi lissafi

A ce wata ƙungiya ta buga tikiti 1,000, kowane naira 500. Idan an sayar duka, an sami naira 500,000. A ce kyaututtuka uku sun ci naira 200,000, bugun tikiti da hayar lasifika da sauran ɗawainiya sun ci 30,000. Abin da ya rage wa aikin shi ne naira 270,000, watau kashi 54 cikin 100. Mutum 3 sun tafi da kyauta, tikiti 997 sun tashi a banza. Bisa ma'aunin Ingila wannan lissafi ya wuce. Bisa ma'aunin Kalifoniya bai wuce ba, gama naira 450,000 ya kamata su isa ga aikin, wanda ba zai yiwu ba sai an sami masu ba da kyaututtukan kyauta.

Yanzu a ce tikiti 400 kaɗai aka sayar. Kuɗin da ya shigo 200,000 ne, an kuwa riga an kashe 230,000. Ƙungiya ta ci bashin 30,000, rufi yana nan yadda ya ke. A nan ne jaraba ta ke shigowa. Wani zai ce a ɗaga ranar, wani ya ce a rage kyauta, wani ya ce a jawo lamba cikin tikitin da ba a sayar ba domin keken ya zauna a gida. Kowanne cikin waɗannan karya alkawari ne ga wanda ya riga ya biya, na ƙarshen kuwa zamba ce tsantsa.

9. Idan duk da haka ana so a yi

Ga matakan da majalisar dattawa za ta bi, bisa jerinsu.

Na ɗaya, a tattauna a majalisa, a rubuta a littafin taro, a nemi yardar shugabannin gunduma.

Na biyu, a nemi lauyan da ya san dokokin Jihar Sakkwato, a rubuta wa Ma'aikatar Shari'a ta jiha, a bayyana manufa, da yawan tikiti, da kuɗinsa, da kyaututtuka, da rana. A jira amsa a rubuce. “Ba kome” ta fatar baki daga wani ma'aikaci ba izini ba ne. Idan ba a amsa ba, ko an ce a'a, magana ta ƙare.

Na uku, idan an ba da izini, a tsaya cikin sharuɗansa. Kada a fita da tikiti kasuwa ko tasha, kada a ƙetare iyaka da shi, kada a tura shi ta waya.

Na huɗu, kyaututtukan su kasance a hannu tun kafin a sayar da tikitin farko.

Na biyar, kowane tikiti da lambarsa da gindinsa, kuɗinsu ɗaya, babu bashi, babu ragi.

Na shida, kada yara su saya, kada kuma a ba su su sayar.

Na bakwai, fasto da dattawa da masu shiryawa da iyalansu kada su shiga.

Na takwas, mutum biyu ko uku su ƙirga kuɗi tare, su sa hannu, a kai asusun ƙungiya a banki, ba asusun wani mutum ba. Wannan tsohuwar ka'ida ce a ekklisiya. Sa'anda Bulus ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai ɗauki kuɗin shi kaɗai ba, ya tafi da mutanen da ekklisiyoyi suka zaɓa, domin kada a sami abin zargi.

Na tara, a ja lamba a ranar da aka faɗa, a gaban jama'a, da hannun wanda ba shi da tikiti.

Na goma, a karanta cikakken lissafi a gaban taro, a ajiye takardun duka.

10. Akwai hanya mafi sauƙi

Izinin hukuma yana kawar da laifi, amma bai amsa tambayar lamiri ba. Akwai ɗarikokin da suka hana reful ɗungum, ko a ƙasashen da doka ta yarda, domin suna ganin yana gauraya bayarwa da kwaɗayi. Wanda ya sa baiko ya san ya bayar. Wanda ya sayi tikiti, rabin zuciyarsa yana kan rufi, rabi yana kan keke. Wannan kuwa a zamanin da cacar ƙwallo ta waya ta ke cinye jarin samari da yawa, har da 'ya'yanmu.

Mu koma ga lissafinmu. Bayan dukan wahala, naira 270,000 ne suka isa ga aikin. Idan mutum 270 suka ba da naira 1,000 kowanne, an sami wannan kuɗin daidai, ba tikiti, ba lauya, ba tsoro. Ga gwanjon godiyar kaka. Ga gonar ekklisiya da a ke nomawa da gayya. Ga alkawarin wata wata, kowane gida gwargwadon ƙarfinsa, wani kwano ɗaya, wani buhun siminti, wani aikin yini biyu. Ga sana'ar hannu ta Zumuntar Mata da za a kai kasuwa a sayar. Waɗannan suna da jinkiri, amma sannu ba ta hana zuwa. Maƙwabci Musulmi ma yana iya sayen zakara a gwanjo ko ya kawo gudummawarsa ba tare da ya saɓa wa addininsa ba.

'Yan'uwa, ku karanta wannan darasi tare a majalisar dattawa da taron matasa, ku amsa tambayoyin nan kafin bukata ta gaba ta taso.

Tambayoyi domin nazari

1. Waɗanne abubuwa uku ne ke haɗuwa su zama reful? Me ya raba watanda da gwanjo da shi?
2. Me Kotun Ƙoli ta yanke ran 22 ga Nuwamba, 2024? Dokar wace hukuma ce ke kan ekklisiyar da ke Illela?
3. Don me takardar CAC ba ta isa izinin sayar da tikiti ba?
4. Wace wahala ce sayar da tikiti zai jawo wa maƙwabcinmu Musulmi, da ɗan'uwanmu na Ƙwanni?
5. Mutum nawa ne ke ƙirga baiko a ekklisiyarku, yaushe kuma aka karanta lissafi na ƙarshe a gaban jama'a?